Me ya sa tashoshin classic rock na Amurka ke ta maimaita waƙoƙi iri ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a Amurka, ina jigilar kaya daga Ohio zuwa Texas da sauran jihohi. Akwai wani Bature da muke karɓa-karɓar tuƙi da shi, ba ya jin komai sai tashoshin da suke kira classic rock. Abin da ya ɗaure mini kai, duk jihar da muka shiga sunan tasha zai canja, muryar mai gabatarwa za ta canja, amma waƙoƙin su ne dai ba ƙari ba ragi. Shin wane irin kiɗa ne wannan classic rock ɗin, wa ya zaɓi waƙoƙin, kuma su masu gidan rediyon ba sa gajiya da maimaici?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, kuma bari in fara da ƙarshen tambayarka domin nan ne amsar take kwance. Ba don irinka aka tsara waɗannan tashoshi ba. Kai doka ta ba ka damar tuƙin awa 11 a rana, rediyo na kunne tun fitowar rana har faɗuwarta. Shi kuwa mutumin da mai tsara shirye-shirye yake hange a ransa, magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya shiga motarsa da safe, minti ashirin ko talatin ya isa wurin aiki, da yamma ya sake shiga ya koma gida. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci ake so ya ci karo da waƙa uku ko huɗu da ya sani, yake so, zai iya bi da baki. In aka sa masa wadda bai sani ba, yatsansa na kusa da maɓalli, ya danna ya koma wata tasha. Duk sana'ar a kan tsoron wannan yatsa aka gina ta.

Yi lissafi da kanka. Bayan an cire talla da surutu, tasha takan sa waƙa goma zuwa sha biyu a awa guda. A yini da kwana ke nan an sa kusan 250 ko fiye. Rumbun waƙoƙin da irin waɗannan tashoshi ke juyawa kullum kuwa bai cika wuce 300 zuwa 500 ba, kuma a cikinsu ma akwai 'yan gaban goshi da ake dawo da su da sauri fiye da sauran. Kai da kake jin waƙa sama da ɗari a kowace rana, kafin kwana uku ka haddace rumbun. Magidancin can kuwa sai ya yi mako bai lura an maimaita masa komai ba.

To shi kansa sunan fa? Babu wani mawaƙi da ya taɓa shiga situdiyo ya ce yau zan yi classic rock. Lokacin da su Led Zeppelin, Rolling Stones, Pink Floyd, The Who da Eagles ke tashe, kiɗan rock kawai ake ce wa abin da suke yi, kuma kowa da salonsa: wani ya fi karkata ga kiɗan blues na baƙaƙen Amurka, wani ga kiɗan ƙauye na kudanci, wani ya cika ƙarar jita har kunne ya yi zugi. 'Yan rediyo ne suka zo daga baya suka tattara su a kwando ɗaya suka raɗa wa kwandon suna, domin su samu abin da za su nuna wa masu ba da talla. Kafin ka gane yadda aka kai ga haka, sai mun ɗan koma baya.

A farkon shekarun 1950 talabijin ta shigo gidajen Amurkawa ta kwashe wasannin kwaikwayo da manyan shirye-shiryen da rediyo ke tunƙaho da su. Rediyo ya rasa abin yi sai sa faifai. A birnin Omaha na jihar Nebraska akwai wani matashi mai gidan rediyon KOWH, Todd Storz. Labarin da 'yan sana'a ke bayarwa shi ne, ya zauna a wata mashaya yana kallon akwatin nan da ake jefa wa kwabo ya sa faifai, ya ga mutane na ta zaɓen waƙoƙi ƙalilan suna maimaitawa, har da aka tashi ma'aikatan wurin suka ciro kuɗinsu suka sake sa waɗannan dai waƙoƙin da suka wuni suna ji. Sai ya ce ashe mutum ba sabon abu yake nema ba, abin da ya saba da shi yake nema. Ya taƙaita waƙoƙin tasharsa zuwa waɗanda suka fi kasuwa, ya yi ta juya su. Gordon McLendon ya ɗauki salon ya ƙawata shi a tashar KLIF ta Dallas. Daga nan aka samu abin da ake kira Top 40, wato waƙoƙi arba'in da ke kan gaba, kuma shi ne kakan duk wani tsarin rediyon kiɗa da ka sani a yau. Bahaushe dama ya ce sabo turken wawa.

A lokacin mai gabatarwa yana da ta cewa. Alan Freed, wanda ya yaɗa kalmar rock and roll daga Cleveland tun 1951, da hannunsa yake zaɓen faifan da zai sa. Kamfanonin faifai suka gano haka, suka fara miƙa na goro a ɓoye domin a sa nasu. Da abin ya yi wari majalisar dokokin Amurka ta shiga bincike a ƙarshen 1959 zuwa 1960, Freed ya rasa aikinsa, bai sake farfaɗowa ba har ya mutu a 1965. Abin da ya biyo baya ya fi badaƙalar kanta muhimmanci gare mu: masu gidajen rediyo suka ƙwace ikon zaɓen waƙa daga hannun masu gabatarwa suka damƙa wa mutum ɗaya, daraktan shirye-shirye. Mai gabatarwa ya koma mai karanta abin da aka rubuta masa.

Duk wannan a kan AM ake yi, abin da mu muka fi sani da matsakaicin zango. FM a lokacin tamkar kangon fili ne. Masu tashar AM da suka mallaki lasisin FM, abin da suke watsawa a can shi suke zubawa a nan, ba sa kashe ko sisi. Sai hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kafa doka a 1964, wadda ta fara aiki sosai a farkon 1967, cewa a biranen da ke da mutum sama da 100,000 ba za a kwafi fiye da rabin shirye-shiryen AM a kan FM ba. Masu gidaje suka wayi gari da sa'o'in da dole su cike kuma ba sa son kashe kuɗi. Suka miƙa wa samari masu dogon gashi, suka ce ku yi abin da kuka ga dama.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin a daidai lokacin kiɗan kansa yana canja kama. Ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowane gefe, na minti uku, shi ne abincin Top 40. Mawaƙan rock kuwa sun koma yin babban faifai, wanda ake so a ji shi daga farko har ƙarshe, da waƙoƙi na minti shida, bakwai, har goma. Ga FM da sauti garau, kuma tun 1961 aka amince masa ya watsa sautin sitiriyo. A 1967 wani tsohon ma'aikacin Top 40 da ya gaji da tsarin, Tom Donahue, ya karɓi sa'o'in dare a wata matacciyar tasha a San Francisco mai suna KMPX, ya fara sa duk abin da ransa ya so. A shekarar ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa rediyon AM ya mutu, gawarsa ce ke wari a iska. WNEW-FM a New York, WBCN a Boston, WMMS a Cleveland, KMET a Los Angeles, duk suka bi sahu. Mai gabatarwa zai iya sa gefen faifai ɗungurungum, ya bi shi da kiɗan Indiya, ya dawo kan wani tsohon makaɗin blues, ya yi magana a hankali kamar mai hira da aboki a zaure. Sun ci karensu ba babbaka na 'yan shekaru.

Misali ɗaya zai nuna maka ƙarfin da waɗannan tashoshi suka yi. Waƙar Led Zeppelin mai suna Stairway to Heaven, ta 1971, minti takwas ce, kuma ba a fitar da ita kasuwa a ƙaramin faifai ba. A ƙa'idar Top 40 ba ta da wurin zama. FM ne ya yi ta sa ta har ta zama waƙar da kusan kowane Ba'amurke na wancan zamani ya sani, wanda ke son mallakarta kuwa dole ya sayi babban faifan duka. Na tabbata abokin tuƙinka ya sa ka ji ta fiye da sau hamsin.

Amma inda jama'a suka taru, nan masu kuɗi ke sauka. Da aka ga matasa sun koma FM, masu gidaje suka tuna da dukiyarsu. Nan wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, Lee Abrams, ya shigo. Shi da abokin kasuwancinsa Kent Burkhart suka fito da wani tsari a shekarun 1970 da suka kira Superstars: a ci gaba da sa waƙoƙin manyan faya-fayai, a ci gaba da magana cikin sanyin murya kamar ba a bin wata doka, amma a taƙaita ga mawaƙan da bincike ya nuna an fi sani, kuma daga kowane faifai a tsamo waƙa biyu ko uku kawai. Wato an ɗauko dabarar Storz an sa mata rigar Donahue. Tashoshi da dama a faɗin ƙasar suka riƙa biyan su kuɗi ana aiko musu da jerin waƙoƙi. Wannan ne aka kira AOR, wato rock mai dogaro da babban faifai. Kafin ƙarshen shekarun 1970 masu sauraron FM sun zarce na AM. Ka ga ke nan tun wannan lokaci aka fara jin abu ɗaya a Atlanta da Seattle.

Sai aka shiga shekarun 1980, tashoshin AOR suka shiga tsaka mai wuya. MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a ranar 1 ga Agusta 1981, sabbin mawaƙa masu kiɗan na'ura da askin ban mamaki suka cika gari. In tasha ta sa sabbin, tsofaffin masu sauraronta su yi fushi. In ta ƙi, yara su gudu. Fred Jacobs, wanda ya yi aikin bincike da tsara shirye-shirye a tashar WRIF ta Detroit, ya lura da abin da manyan ke faɗa: mu dai a bar mu da namu. Ya ce to me zai hana a yi tasha da ba ta sa sabuwar waƙa ko ɗaya? An ɗan gwada irin haka a wasu tashoshin AM, har wata a Houston, KRBE, ta yi amfani da sunan tun 1983, amma a 1985 ne Jacobs ya ɗora tsarin a kan wata ƙaramar tashar FM, WMMQ, a yankin Lansing na jihar Michigan, ta tashi daga ƙasa ta shiga sahun gaba. Cikin shekara biyu Boston, Washington, Los Angeles da Detroit duk sun samu tasu. Mutane da yawa a cikin sana'ar sun ce yayi ne, shekara biyu za a gaji. Ga shi an kai shekara arba'in.

Dalilin da bai mutu ba kuɗi ne, kuma nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Gidan rediyon kasuwanci ba waƙa yake sayarwa ba. Kai mai sauraro ba ka biyan ko ƙwandala. Abin da yake sayarwa kunnuwanku ne, mai saye kuma shi ne mai talla. Mai talla a Amurka ya fi son 'yan shekara 25 zuwa 54, domin su ke sayen mota, su gina gida, su ɗauki inshora. Waɗanda aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1946 da 1964, su ne rukuni mafi yawa a ƙasar a lokacin, kuma a 1985 shekarunsu na tsakanin 21 da 39. Aljihunsu ya fara nauyi, sun fara kewar ƙuruciya. Ka saurari tallan da ke biyo bayan waƙoƙin nan za ka gane wa ake nufi: a-kori-kura, giya, kayan gyaran gida, tayar mota, lauyoyin haɗari, maganin ƙarfin maza. Tallan ya fi waƙar gaya maka gaskiyar tashar.

Yanzu ga yadda ake zaɓen waƙar, tunda ka tambaya wa ke zaɓe. Sau ɗaya ko biyu a shekara tasha takan ɗauki kamfanin bincike. A gayyato mutum kamar ɗari, waɗanda aka tace: shekarunsu kaza, suna jin wannan tasha ko kishiyarta. A tara su a zauren wani otal da yamma, a ba su ɗan abin taɓawa da kuɗin mota, a miƙa wa kowa takarda ko wata 'yar na'ura mai abin murɗawa. Sai a fara sako musu gutsattsarin waƙoƙi, kowace daƙiƙa bakwai zuwa goma, daidai wurin amshin da ya fi kama zuciya. Ɗari biyar, ɗari shida, a jere, ba hutu sai kaɗan. Kowace ka ba ta maki: ka san ta ko ba ka sani ba, kana son ta ko ba ka so, ka gaji da ita ko da saura. Wadda ta ci maki ta shiga rumbu, wadda aka ce an gaji da ita a ajiye ta ta huta na wata shida, wadda ba a sani ba a jefar. Yau galibi ta intanet ake yi, amma hikimar ba ta canja ba. Ka lura da abin da wannan gwaji ke haifarwa. Waƙar da ba a sani ba ba za ta taɓa cin maki cikin daƙiƙa takwas ba. Tunda ba ta ci ba, ba za a sa ta ba. Tunda ba a sa ta, baɗi ma ba za a san ta ba. Haka da'irar ke ta ƙuntatuwa, shi ya sa ƙungiyar da ta yi faifai goma sha biyar za ka rantse waƙa huɗu ta taɓa yi a duniya.

Daga nan sai kwamfuta ta karɓa. Tun 1979 akwai manhaja mai suna Selector da aka yi don wannan aiki. A raba waƙoƙi aji-aji, a zana awa guda kamar fuskar agogo a yanka ta: nan babbar waƙa, nan ta shekarun 1980, nan sunan tasha, nan talla, bayan talla a dawo da wadda ba mai ƙin ta. A kafa sharuɗɗa, kada mawaƙi ɗaya ya dawo kafin awa kaza, kada masu sanyi biyu su bi juna, kada waƙar da aka sa jiya ƙarfe takwas ta sake faɗowa yau ƙarfe takwas. Wannan sharaɗi na ƙarshe saboda magidancin nan ne mai shiga mota lokaci ɗaya kullum. Mai gabatarwa yana shigowa ya tarar da komai a jere a allo. Wanda ya saba da shirin zaɓi sonka irin namu, inda ake karanta sunanka da na mutanen gidanku kafin a sa maka abin da ka roƙa, zai yi mamakin jin cewa in ka buga waya a can ka roƙi waƙa, sau da yawa sai in dama tana kan layi za a ce an sa maka.

Har wurin da ake sa talla da lissafi. Kamfanin da ke ƙidayar masu sauraro, Arbitron, wanda Nielsen ta saye a 2013, yana raba awa gida huɗu, kuma a da, shekara da shekaru, ƙa'idar ita ce sai ka saurari minti biyar cikin kowane minti sha biyar za a lissafa ka. Da can littafi ake ba mutane su rubuta abin da suka ji, sai su rubuta sunan tashar da suka fi tunawa. Daga 2007 aka fara raba wa mutane a manyan birane wata 'yar na'ura da ake ratayawa, tana tsintar wani sauti da kunne ba ya ji wanda aka cusa cikin shirin kowace tasha. Da sakamako ya fara fitowa minti bi minti, sai aka ga ƙarara: mai gabatarwa ya yi dogon surutu, mutane sun gudu, an sa baƙuwar waƙa, sun gudu. Tashoshin tsofaffin waƙoƙi suka fito da kyau a wannan ma'auni, domin su ake kunnawa a gareji da shago da wurin gini a bar su suna yi. Sai aka ƙara rage surutu, aka ƙara matse rumbu.

Saura dalilin da ya sa Ohio da Texas suke ji maka ɗaya. Kafin 1996 kamfani ɗaya ba ya mallakar fiye da tashar AM 20 da FM 20 a duk ƙasar. Dokar sadarwa ta wannan shekara ta cire wannan iyaka, ta kuma ba da damar riƙe har tasha takwas a babban birni guda. Aka shiga saye da haɗiya. Kamfanin Clear Channel na San Antonio, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya kai ga mallakar tashoshi wajen 1,200 cikin 'yan shekaru. Wanda ya ci bashi ya sayi tashoshi ɗari-ɗari ba zai biya daraktan kiɗa a kowace ba. Bincike ɗaya, rumbu ɗaya, a rarraba. Muryar da kake ji tana ambaton sunan garin da kake ratsawa ma, wataƙila mai ita yana wata jiha, ya naɗi maganganunsa na awa huɗu cikin rabin awa, ya yi wa gari biyar haka kafin azahar. Akwai ɗan bambanci, ba na musu: kudu sun fi jin Lynyrd Skynyrd da ZZ Top, Detroit ba ta wasa da Bob Seger, New Jersey da kewaye na Bruce Springsteen ne. Amma gishiri ne a kan miya ɗaya. A 2014 wani ɗan jarida a shafin FiveThirtyEight, Walt Hickey, ya bi diddigin abin da tashoshin classic rock 25 suka sa cikin mako guda, ya tarar fiye da rabin abin da aka sa ya fito ne daga shekaru goma kacal, 1973 zuwa 1982.

Wani abu da zai ba ka dariya, kwandon yana tafiya. Tunda shekarun mai sauraro ake bi, in wani rukuni ya haura 54 sai a sauke waƙoƙinsa a hankali a ɗauko na masu biye. Waƙoƙin shekarun 1960, har da na Beatles, sun ragu ƙwarai a waɗannan tashoshi, an shigo da Nirvana da Pearl Jam na shekarun 1990, mutanen da a zamaninsu tawaye suke yi wa ainihin wannan kiɗa. Wanda aka haifa a 1980 yana da shekara 16 a 1996, yau shi ne magidancin da ake farauta. Haka ta faru da tsarin da ake kira oldies, na waƙoƙin shekarun 1950 da 1960: masu sauraronsa suka tsufa, masu talla suka juya baya, aka binne sunan aka fito da classic hits, wanda ya fi karkata ga waƙoƙin da suka yi kasuwa ko na rock ne ko ba na rock ba. Sauran 'yan gidan da za ka ci karo da su a hanya: active rock mai haɗa sabbi masu ƙara da tsofaffi, alternative wanda KROQ ta Los Angeles ta yi wa fice, da Jack FM da ya faro daga Vancouver ta Kanada a 2002, mai alfaharin cewa yana sa abin da ya ga dama, alhali shi ma da rumbunsa, ya dai fi faɗi ne.

Akwai abin da ban so in wuce ban faɗa ba, kuma ina jin kai ma ka lura. Kiɗan nan baƙar fata ne suka haife shi: Chuck Berry, Little Richard, Sister Rosetta Tharpe, Muddy Waters wanda daga sunan waƙarsa Rolling Stones suka samo nasu sunan. Amma ka wuni kana jin classic rock, in ka cire Jimi Hendrix da wani ɗaya ko biyu, ba za ka ji baƙi ba. Mata ma 'yan ƙalilan ne, su Heart da Stevie Nicks da Pat Benatar. Wannan ba haɗari ba ne. Tun zamanin AOR aka yanke cewa samarin Turawa ake nema, aka tace duk abin da ake zaton zai kore su. A ranar 12 ga Yuli 1979 wani mai gabatarwa na tashar rock a Chicago, Steve Dahl, ya tara dubban mutane a filin wasa na Comiskey Park aka tarwatsa tulin faya-fayan disko, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma har aka soke na biyu daga cikin wasannin ƙwallon baseball biyu da aka shirya yi a filin ranar. Har yau ana gardama a kan me ya tunzura su, amma kowa ya san su wa ke yin disko. A nawa ganin, nan ne babban laifin wannan tsari: ya koya wa mutane tarihin da aka yanke wa kai, yaro ya tashi yana zaton rock daga Ingila ya faro a 1964.

Ba na cewa waƙoƙin ba su da kyau. Da yawansu sun cancanci daɗewar da suka yi, da tsohuwar zuma ake magani. Yaran da ba a haife su ba lokacin ma suna tsintar su ta fina-finai da wasannin kwamfuta da TikTok, kamar yadda wata waƙar Fleetwood Mac ta 1977 ta sake shiga jerin masu kasuwa a 2020 saboda wani ɗan gajeren bidiyo. Shi ya sa kamfanoni ke zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli suna sayen haƙƙin tsofaffin waƙoƙi, kamar yadda Sony ta sayi na Springsteen a 2021.

Wata rana in kuna tafe aka sako Band on the Run ta Paul McCartney, ka gaya wa abokinka a Legas aka naɗi akasarin wannan faifai, a situdiyon EMI, a 1973. A lokacin Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, yana zaune a can, ya buɗe nasa situdiyon a Ikeja, kuma sun yi faifai tare da Fela Kuti. Ka ga ko zai yarda.

In kuma maimaicin ya ishe ka, murɗa rediyon zuwa can farkon lambobi. Daga 88.1 zuwa 91.9 an keɓe wa tashoshin da ba na kasuwanci ba, na jami'o'i da na al'umma, waɗanda masu sauraro ke ɗaukar nauyinsu da gudummawa. A can ne sauran abin da Donahue ya fara yake numfashi: WFMU a 91.1 in ka kusanci New York, WXPN a 88.5 a Philadelphia, KEXP a 90.3 in hanya ta kai ka Seattle. Irin waɗannan ne ke sa Mdou Moctar da Bombino, 'yan Nijar masu jitar Abzinawa, waɗanda Amurkawa masu son Hendrix ke cika zaure don kallonsu, amma babu ranar da za su ci maki a zauren otal ɗin can. Siginar irin waɗannan tashoshi ba ta da ƙarfi, mil talatin ko arba'in ta fara shashshaka, sai ka sake lalube a gari na gaba.